Dutse a Bakin Ladak

Masu tsintar ƙaguwa ne suka fara ganinsa, rana na ɗagowa. Ruwa ya janye daga gaɓar garinmu Kalabandar tun da asuba, ya bar laka shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga kuma Ladak kwance a gindin wani turke, ƙeyarsa a fashe. Ladak shi ne jagoran jirage. Shekara talatin shi yake kafa turakun da ke nuna wa matuƙa inda ruwa yake da zurfi, kuma gobe da safe shi zai fitar da jiragen yaƙi arba'in su kara da masu jan tuta, 'yan fashin da suka tsare mana bakin teku shekara bakwai ke nan. An kashe shi, an kuma tumɓuke turaku uku an kafa su a kan tudun yashi. Da ba a lura ba, da rabin jiragen sun kafe a nan, a zo a ƙone su kamar kara.

Mu Wadanni ko ana zaman lafiya ba mu cika yarda da juna ba, balle yanzu da mutum zai yi atishawa sau biyu a ce alama yake yi wa abokan gaba. Kafin a kira Damji mai bin sawu, gari ya riga ya yanke hukunci. Sawun takalmi ne a lakar, ƙato, irin na Dogaye, mutanen da suka fi mu tsawo nesa ba kusa ba, da tambarin ƙusar tagulla a dunduniyar hagu. Dogo kuwa ɗaya ne tal a Kalabandar: Jusab, wanda ya gudo daga jirgin masu jan tuta shekara huɗu da suka wuce, yake toshe wa jirage ɓaraka da kwalta. An tsinci takalman a bayan rumfarsa, caɓa-caɓa da laka. Nan take aka ja shi zuwa turken hukunci, can ƙasan matakalar tashar jirage, aka ɗaure. Haka ake yi wa maci amana: a ɗaure shi ruwa na janye, a bar wa teku sauran aikin.

Damji ya kori kowa daga wurin gawar, ya tsuguna. Tsoho ne mai gemu har cibiya, ba ya son a yi masa magana in yana kallon ƙasa. Takalmi dai na Jusab ne, babu gardama. Amma inda Dogo zai taka sau biyu, mai wannan sawu sau uku ya taka, kuma ƙafarsa tana yawo a cikin takalmin. Daf da kan gawar kuwa ga ramuka biyu masu sulɓi, gefe da gefe. Wani ya durƙusa a nan, ya kuma ɗan jima.

Shet Ratansi, shugaban fatake, yana tsaye a kan katako don kada laka ta taɓa masa takalmi.

"To, me ƙasa ta ce maka?"

"Ta ce takalmin Dogo ne, amma ƙafar Wada ce a ciki."

"Haba, Damji! Mutum ɗauke da guduma a cikin laka, tsalle kake so ya yi?" Ratansi ya sassauta murya. "Gobe zan fita da jirgi arba'in. Ina so mutanena su san an kama maci amana, ba su riƙa kallon ƙeyar juna a tsakiyar teku ba. Kawo mini suna kafin ruwa ya rufe shi, in kwance shi da hannuna. In babu suna, kada ka ɓata mini rana."

Damji ya bi shi da kallo har ya shige. Ba a tsinci guduma a ko'ina ba, shi ma bai ambace ta ba.

Ruwa ya fara dawowa, yana lasar yatsun Jusab, lokacin da Damji ya sauko matakala.

"Yaya Damji, yau ka ga amfanin tsawo," in ji Jusab, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Da ɗayanku ne, da tsakar rana an gama. Ni sai rana ta karkata."

"Rufe mini baki. Ina kake da asuba?"

"Rumfata, ni da ɓeraye. Je ka tambaye su."

"Takalmanka fa?"

"A bakin ƙofa suke kwana, saboda kwalta. Duk mai ido ya san haka."

"Akwai wani abu tsakaninka da Ladak?"

"Akwai. Shi yake ba ni taba. In mai faɗa da shi kake nema, jiya a gabana suka yi da Shet. Ladak ya ce ruwan gobe bai isa ba, a jira sabon wata. Shet ya ce in ya tsufa ne ya faɗa, a nemi wani." Sannan ya ce, "Ɗanka ne ya tsamo ni daga teku, Yaya. A gidanka na fara cin gurasar garin nan. Ka san ban yi ba."

Damji ya sani, amma sani ba suna ba ne. Ambaton ɗansa Megji kuwa ya soke shi a ƙirji, don wata uku ke nan da masu jan tuta suka kama yaron a yaƙin Tsibirin Gishiri, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya juya ya hau matakala.

Hanya ɗaya ce daga gari zuwa laka, wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikin ganuwa. Mai gadinta Dosal yana zaune dafe da kai, warin bammi na tashi daga gemunsa.

"Ban runtsa ba, Baba, na rantse."

"Shi ya sa tabarma ta yi maka zane a kumatu. Da masu ƙaguwa suka zo, ƙofar a buɗe take?"

"A kulle. Ni na buɗe musu."

"Makullin Ladak fa?"

"Yana ɗamararsa, na gani da aka wuce da shi. Kullum in ya fita sai ya kulle bayansa." Dosal ya ɗago jajayen idanu. "An ce ganuwa Dogon ya haura."

"Ganuwar da ta yi tsawon mutum takwas? Fiffike gare shi?" Damji ya matso. "Makulli nawa ne?"

"Huɗu. Na Ladak, nawa, na Shet... sai naka, Baba."

Wanda ya yi kisan ya dawo gari ya kulle ƙofa a bayansa, ke nan da makulli ya fita. Damji ya dubi Dosal sama da ƙasa. Wannan ko turke ɗaya ba zai iya tumɓukewa da asuba ba, amma mai barci irin nasa ana iya zare masa makulli a mayar bai sani ba. Duk da haka zuciyar Damji ta fi karkata ga Shet.

Don kada a ce ya tsallake kansa, ya biya gida ya duba nasa makullin. Yana nan rataye a ƙusarsa. Matarsa Harbai tana gaban murhu tana gasa gurasar gero, ta naɗe mayafi har wuya duk da zafin wuta. Tun da aka kama Megji ta rame, maganarta ta ragu, shi kuma ya rasa ta inda zai taɓa ta.

"Ruwan ya kai masa ina?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Gwiwa."

Gurasar ta fara ƙonewa, sai da ya nuna mata ta juya.

"Zauna ka ci, baban Megji."

"Babu lokaci."

"To, zan kawo maka tasha."

Tausayinta ya kama shi. Ya ɗauka Jusab take ji wa, abokin ɗanta.

A bakin hanya Kanku ta tare shi, yayar Ladak, wadda ita ce take wanke mamatan unguwa. Ba ta gaishe shi ba, hannunsa ta kama ta ja shi har ɗakin da aka shimfiɗe gawar.

"Buɗe bakinsa."

Damji ya buɗe. A ƙarƙashin harshen akwai ɗan baƙin dutse, bai fi ƙwayar wake ba. Bai yi mamaki ba. Kowane Wada da irinsa yake yawo, rataye a wuya cikin riga, tsakuwa daga tsaunin da kakanninmu suka sauko. Ran da mutum ya mutu sai a sa masa a baki, don ransa ya gane hanyar gida. Wanda aka bari babu dutse, a teku zai yi ta gararamba har abada, kuma babu abin da Wada yake tsoro kamar wannan.

"Kin yi masa abin da ya kamata, Yaya."

"Ban yi ba. Haka aka kawo mini shi. Kuma Ladak ba shi da dutse. Nasa ya tsinke ya faɗa ruwa a Tsibirin Gishiri. Kunya ta hana shi gaya wa kowa sai ni. Ya aika ayari su kawo masa wani, ba su dawo ba tukuna."

Damji ya tsaya cak. Ramukan gwiwar nan biyu suka dawo masa. Wanda ya fasa wa Ladak kai ya durƙusa ya laluba wuyansa, bai samu komai ba, ya kasa tafiya ya bar shi haka. Ya ciro nasa ya ba shi. Dogo ba zai yi haka ba, ɗan fashi ma ba zai yi ba. Yanzu haka akwai Wada guda a Kalabandar da ke yawo da zare babu dutse.

Rana ta karkata lokacin da ya tara su a saman matakalar tasha: masu makulli da mutanen gidajensu, sai gari duka a bayansu. Can ƙasa ruwa ya kai wa Jusab ƙirji, ya daina barkwanci.

Damji ya faɗi abin da ya gani a laka da abin da Kanku ta nuna masa, a taƙaice. Sannan ya ce kowa ya fito da dutsensa.

Wuri ya ɗauki guna-guni. A wurinmu ka ce wa mutum ya nuna dutsensa a bainar jama'a, kusan ka ce ya tuɓe ne. Dosal dai bai yi gardama ba, ya zaro nasa, tsohuwarsa ma ta nuna tana zaginsa.

"Shet," in ji Damji.

"Ni? Ni kake tuhuma, mai shinshinar ƙasa?"

"Jiya kun yi faɗa da shi. Yau kuma ka ambaci guduma tun ban ce da me aka buge shi ba."

"To da me ake kafa turke, da ludayi?" Ratansi ya fizge wuyan rigarsa har maɓalli ya tashi. "Ga shi! Kalla da kyau!"

Dutsen yana nan. Matarsa ta juya baya ta nuna wa Kanku nata, 'ya'yansa biyu suka nuna nasu. Duk suna nan. Damji ya ji ƙasa ta yi masa nisa.

"Saura gida ɗaya," in ji Ratansi, yana huci.

Damji ya zaro nasa ya ɗaga. A daidai lokacin jama'a suka dare, Harbai ta fito da kwano a rufe, ta kawo masa abincin da ta ce. Ganin ta, Ratansi ya sauko daga fushinsa, don duk garin babu wanda ba ya tausayin matar nan.

"Ba sai an tozarta uwar Megji ba," ya ce. "Kai mijinta ne, maganarka ta wadatar. Ka ce ka ga nata yau, mu tashi. Ka yi iya ƙoƙarinka, Damji, Dogon ne."

Damji ya dubi matarsa. Ya dubi mayafin da ke naɗe har wuya cikin wannan zafi. Makulli rataye a ƙusa, a ɗakin da su biyu kaɗai suke kwana. 'Yar maƙera ce, ta fi maza da yawa ƙarfin damtse. Ita ma shi take kallo, ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma kau da ido ba. Shekara arba'in suna tare, bai taɓa jin son ta ya kama shi kamar a wannan lokacin ba. Kalma ɗaya ake jira daga gare shi, kuma babu wanda zai ƙaryata. Daga ƙasa ya ji tari: igiyar ruwa ta fara dukan Jusab a haɓa.

"Ban gani ba," in ji Damji.

"Me ka ce?"

"Na ce ban ga dutsenta yau ba."

Harbai ta sunkuya ta ajiye kwanon a hankali, yadda miya ba za ta zube ba. Ta warware mayafin. Zaren yana wuyanta, babu komai a jikinsa.

Babu wanda ya yi ihu. Ita ce ta yi magana, kuma da mijinta take, kamar su biyu ne a wurin.

"Wata mai tallan busasshen kifi ta kawo mini kitson gemun Megji, da zoben da na sa masa da hannuna. Masu jan tuta suka ce in matsar da turke uku kawai, su sako shi. Na gama na uku ke nan Ladak ya fito daga cikin hazo ya riƙe mini hannu. Na ce ya sake ni, na gaya masa don wa nake yi. Ya ce jirgi arba'in, Harbai. Ni kuma ɗa ɗaya gare ni."

"Takalman fa?"

"Saboda kai. Na san idonka."

"Kin san shi za a ɗaure."

"Na sani. Tun safe nake ƙirga matakalar nan a raina."

Kanku ta matso. "Kin kashe mini ƙane, sannan kin ba shi dutsenki? Don me?"

"Na laluba ban samu ba, Yaya. In bar shi yana yawo a teku? Shi ya ɗauki Megji a kafaɗa ranar da aka raɗa masa suna."

Ratansi ya cika alkawari. Shi da kansa ya shiga kwalekwale, ya manta da takalmansa masu ado, ya yanke igiyar da ta ɗaure Jusab da wuƙarsa. Aka yanke cewa gobe in ruwa ya janye, Harbai za a ɗaure a turken. Da masu gadi suka zo tafiya da ita, ta tsaya a gaban Damji.

"Kalma ɗaya ce, baban Megji. Yanzu za su mayar da turakun, su kuma can za su yanka shi. Ba su ne suka kashe mini ɗa ba. Kai ne."

Aka wuce da ita, jama'a suka bi baya suna ta surutu, kowa yana cewa shi dama ya lura da wani abu.

Jusab yana zaune a matakala ta ƙarshe yana amayar da ruwan gishiri. Damji ya sauko ya zauna kusa da shi.

"Yaya," in ji Jusab, "akwai abin da na daɗe ina ɓoye muku. Shekara tara na yi a jirginsu. Masu jan tuta ba sa ciyar da wanda suka kama ya wuce kwana uku. Gemu da zobe suke cirewa su ajiye, don irin wannan ranar. Megji ya rasu tun kafin jiragenku su iso gida. Na kasa faɗa, ina ganin yadda take leƙen teku kullum. Da na faɗa, da Ladak yana raye."

Damji ya rufe ido. Kukan da ya riƙe wata uku ya taso masa, ya danne shi.

"Bari in je in gaya mata," in ji Jusab, yana ƙoƙarin miƙewa. "Ta san ba kai ba ne."

Damji ya riƙe masa hannu da ƙarfi.

"Kada ta ji."

"Za ta mutu tana cewa kai ka kashe ɗanku!"

"In ta ji, za ta mutu ta san ta kashe Ladak a banza." Ya saki hannun. "Bar ta da ni. Ni zan iya ɗauka."

Ya miƙe da ƙyar, ya hau matakalar yana dafa bango, ya nufi inda aka tsare ta don ya zauna a bakin ƙofa, ko da ba za ta yi masa magana ba.